Waƙar Hanya: Abin Da Za A Saka A Mota Daga Kurmi Zuwa Gida

Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. In mota lafiyayya ce kuma hanya ta yi kyau, mutum zai yi awa 16 zuwa 20 a zaune. In kuwa aka faɗa gosulon tireloli, sai a wuni a kwana. Wanda ya taso daga Fatakwal ko Anacha shi ma kusan haka ne. A duk tsawon wannan zaman, bayan injin mota babu abin da ke magana ba hutawa kamar sifika. Amma sai ka ga mutum ya duba taya, ya duba birki, ya canza baƙin mai, ya haɗa tsarabar mutanen gida, abin da za a ji a motar kuwa sai an hau titi sannan a fara lalube a waya, hannu ɗaya a sitiyari.

Na daɗe ina bin hanyar nan, wani lokaci a motar haya daga Agege, wani lokaci ni ne a sitiyari iyali suna baya. Abin da na tara na kawo muku, don mai shirin tafiya Sallah ko biki ko ganin gida ya samu abin dubawa. Ƙa'idata guda ɗaya ce: waƙar mota ta direba ce kafin ta zama ta fasinja, kuma lokaci da yanayin hanya su ke zaɓen ta. Fasinja in waƙa ba ta yi masa ba zai iya toshe kunne ya yi barcinsa. Direba ba shi da wannan damar, kuma rayukan kowa a hannunsa suke.

Abin da kiɗa ke yi wa mai tuƙi

Mu fara da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku da direba zai sunkuya yana neman waƙa a waya, motar ta ci sama da mita 80 ba mai kallon hanya. A tsakanin Ogere da Ibadan, inda tireloli ke fakin a bakin titi kamar gidan ubansu, mita 80 ta isa komai ya faru. Shi ya sa nake cewa aikin zaɓen waƙa a gida ake gama shi, a daren da za a tashi.

Kiɗa mai sauri yana tura ƙafa kan totur ba tare da mai ƙafar ya sani ba. Duk direban da ya daɗe a hanya ya san haka, kuma masu bincike sun gwada. Wani masani mai suna Warren Brodsky ya zaunar da mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi a farkon shekarun 2000, yana canza musu saurin kiɗa, ya ga yadda kiɗan ke ƙara sauri haka gudunsu ke ƙaruwa, haka kuma karya dokar hanya ke ƙaruwa. A dokar ƙasar nan, a babban titi mai hannu biyu ƙaramar motar gida ba ta wuce kilomita 100, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Waƙar da za ta sa ka kai 130 kana jin kamar 90 kake yi, ajiye ta sai an je gidan biki.

Ɗaya gefen kuma ya fi wannan haɗari, wato kiɗa mai sanyi, mai tafiya a layi ɗaya ba hawa ba sauka. Jikin ɗan Adam yana da lokuta biyu da barci ke kawo masa hari ko yana so ko ba ya so: daga wajen ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar, wajen ƙarfe 2 zuwa 4, musamman in an cika ciki da sakwara ko tuwo. A waɗannan lokutan waƙar soyayya mai taushi tamkar ka shimfiɗa wa direba katifa ne.

Sai dai kada wani ya ɗauka akwai waƙar da ke maganin barci. Babu ita. A shekarar 1998 masu binciken barci a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun gwada dabaru biyun da direbobi suka fi dogara da su, wato kunna rediyo da barin iska mai sanyi ta bugi fuska, suka ga amfaninsu na ɗan taƙaitaccen lokaci ne, gyangyaɗin ya dawo. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana cewa a huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 4 ta tuƙi. Idan ka ga kana ta ƙara ƙarar rediyo, ko waƙa ta ƙare ba ka san lokacin da ta ƙare ba, to maganar waƙa ta wuce. Nemi gidan mai ko tashar da ke da jama'a ka tsaya, ka ci goro ko ka sha shayi mai kauri, ka runtsa minti 20. Aikin waƙa shi ne ta riƙe hankalin wanda yake a farke.

Batun ƙara kuma, ma'aunina mai sauƙi ne. In na yi wa na kusa da ni magana sai na ɗaga murya, to ta yi yawa. Direba da kunne yake rabin tuƙinsa: odar tirelar da birkinta ya tsinke a gangara, ƙarar tayar da ta fara sabulewa, sautin injin da ya canza, bugun da yaron mota ke yi a jikin bodi. Wanda ya cika but da manyan sifiku ya sayar da wannan rabin.

Tsofaffin hannu

In aka ce in ɗauki mawaƙi ɗaya tak in yi tafiyar Legas zuwa Kano da shi, ba zan yi dogon tunani ba, Alhaji Mamman Shata ne. Ya rasu tun 1999, amma har yau ka shiga garejin tireloli a Ogere ko Obollo-Afor da daddare, da wuya ka zaga ba ka ji kalangunsa na tashi daga wata mota ba. Dalilin ba ƙauna ce kawai ba, waƙar tasa ta dace da aikin. Kalangu yana tafiya da sauri matsakaici, daidai da motar da ke tafiyar hankali. Waƙoƙin suna da tsawo, wasu sun haura minti 20, ba a buƙatar taɓa rediyo kowane minti huɗu. Sannan labari yake bayarwa: ya tashi daga wannan gari ya sauka wancan, ya ambaci wane ya zolayi wane, sai hankalinka ya riƙa bin sa yana jiran abin da zai faɗa gaba. Ga amshi kuma, wanda direba zai riƙa karɓa da bakinsa. Bakin da ke motsi, idon mai shi ba ya saurin rufewa. Shata ya yi wa direbobi waƙa da sunansu, irin ta Bawa Direba, kuma Bakandamiyarsa kaɗai ta isa ta raka ka wani dogon zango.

Na biyu a wurina Ɗanmaraya Jos ne, Adamu Wayya, wanda ya rasu a 2015. Waƙar Karen Mota tana cikin waɗanda suka fara fito da shi, don haka 'yan mota suna ganin sa nasu ne. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce a jikin ɗan gwangwani, sautinta siriri mai kaifi, yana ratsa ƙugin inji ko da sifikar motar ta gaji. Kuma yadda yake sauya murya ya yi miji ya yi mata a waƙoƙin zaman aure yana sa mota ta ɗauki dariya da gardama, abin da direba ke buƙata bayan azahar kenan. Abu ɗaya: waƙoƙinsa ba su kai na Shata tsawo ba, sai a jera da yawa a wuri ɗaya.

Makaɗan fada, Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa, nasu kiɗan kotso ne, mai nauyi, mai cika mota. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yana da tawagar 'yan amshi da ke karɓe waƙar su ƙara mata, har ka ji kamar mutum goma ne a kujerar baya. Na fi son su da hantsi, lokacin da jiki ke da ƙarfi kuma hanya ta miƙe. Narambaɗa sai da natsuwa, Hausarsa ta Gobir ce mai zurfi, kuma yawancin abin da ake samu nasa tsohon ɗauka ne mai shuu, in mota na da ƙara rabin maganar ɓacewa take. Shi na fi ajiye wa mota mai rufaffen gilashi.

Ɗan'anace da waƙar Shago, wannan kiɗan maza ne, na dambe. Yana tayar da tsikar jiki, yana korar kasala nan take, amma ina ba da shawarar a sha shi kamar magani, ɗaya ko biyu a sauya. Na sha ganin direban da kiɗan dambe ya hau masa kai ya fara jin duk motar da ke gabansa abokin karawa ce.

Sauran kuwa kowa ya ɗiba daidai son ransa: kukumar Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam, gurmin Haruna Uji, Sani Sabulu in ana son dariya da habaici. In akwai iyaye mata a motar, kiɗan ƙwaryar Barmani Choge zai tashe su tsaf, sai dai a tace, don akwai waƙoƙinta da ba a sakawa gaban suruki.

Na zamani

A nan sai an rarrabe. Waƙoƙin soyayya na su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker suna da daɗi, fasinjoji matasa su suke so, amma yawancinsu kiɗan fiyano ne mai laushi da murya mai lanƙwasa, kuma in an jera goma sai ka ji kamar waƙa ɗaya ce doguwa. Da safe ko da yamma lafiya lau. Ƙarfe 3 na dare a dajin da ba kowa, a'a. Haka nake kallon tsofaffin waƙoƙin Indiya na su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, waɗanda iyayenmu direbobi ba sa rabuwa da kaset ɗinsu: abokan hirar yamma ne.

Ado Gwanja da ire-irensa su ne ɗaya ƙarshen. Warr da Chass da suka cika gari a 2022 don rawa aka yi su, kuma ƙafar da ke son rawa bai kamata tana kan totur ba. In yara sun matsa, a saka musu a cikin gosulo, inda motar ba ta da wurin gudu.

Wanda ya fi dacewa da doguwar hanya a cikin na yanzu, a ganina, Aminu Ala ne, sai Naziru Sarkin Waƙa a waƙoƙinsa na sarauta. Dalilin ɗaya ne da na Shata: akwai magana a ciki, akwai abin da hankali zai tauna.

Na maƙwabta

Mu da muke zaune a Kudu muna da wata taska da 'yan'uwanmu na gida ba su cika sani ba. Fuji dai asalinsa kiɗan tashe ne. Daga wéré ya fito, kiɗan da samarin Musulmin Yarabawa ke zagawa da shi cikin dare a watan azumi suna tashin mutane sahur, kafin Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya mayar da shi abin da aka sani yau. Kiɗan da aka ƙirƙira don ya tashi mai barci, ai ba sai an yi dogon bayanin amfaninsa ga direba ba. Faifan Barrister ko na Wasiu Ayinde guda ɗaya yakan tafi rabin awa ba yankewa. Apalar Haruna Ishola da ta Ayinla Omowura ma haka, gangar da suke kaɗawa 'yar'uwar kalangu ce, kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da ita. Sakarar Yusuf Olatunji kuwa da goge ake yin ta, sai dai tana da sanyi ƙwarai, ta zaman tsakar gida ce, ban cika saka ta a mota ba.

'Yan'uwa na Anacha da Aba da Owerri su kuma sun san Osita Osadebe. Osondi Owendi, wadda ta fito a 1984, tafiyarta a hankali take amma tana da ƙugu, ga tsawo. Sai Oliver De Coque, sai Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ta 1976, wadda ban taɓa ganin motar da aka saka ta wani ya ce a cire ba, kowace ƙabila ce a ciki.

Akwai wani amfanin na daban. In motar haya ce da ta haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Igbira, direban da ya ba kowa rabin awa na kiɗan garinsu ya sayi zaman lafiyar motarsa da arha.

Karatu, bege, wa'azi da rediyo

Da yawa daga cikinmu ba sa jin kiɗa sam, wasu kuma suna ji amma ba sa son a buɗe tafiya da shi. Kusan duk motar da na shiga daga Sabo ko Agege ko Mile 12, da addu'ar hawa abin hawa ake tashi, sai karatun Alƙur'ani har gari ya waye. Wannan tsari ne mai kyau, kuma yana kwantar da hankalin mota a lokacin da kowa ke cike da zullumin hanya. Abu biyu kawai zan ce. Na farko, karatu yana da haƙƙin a saurare shi. In mota ta kaure da hira da ciniki da waya, gara a dakatar da shi a saka wani abin. Na biyu, ƙira'a mai jan hankali irin ta Minshawi ko Husari tana sanyaya jiki, kuma direban da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, sanyin jiki ne abin da ya kamata ya guda a tsakar dare. Wanda ya haddace surorin yana bi da bakinsa, wannan daban. Wanda zai yi shiru yana ji kawai, ya nemi mai karatu da ɗan sauri, ko ya koma tafsiri.

Tafsiri da wa'azi da tarihi suna cikin abin da ya fi riƙe direba, saboda magana ce mai hawa da sauka, akwai tambaya akwai amsa, wani wurin har da dariya. Zama ɗaya na tafsirin azumi yakan kai awa ɗaya ko fiye, kenan uku sun kai ka Ibadan daga Legas har da canji. Masu son bege suna da Rabi'u Usman Baba da Fadar Bege da Ishiriniyya. Imfirajin Aliyu Namangi kuwa, in ka samu wanda aka rera da kyau, ba na jin akwai Bahaushen da zai ce a kashe. Littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube su ma sun shigo, har Magana Jari Ce ana samu, kuma yara kan yi tsit in an saka.

Rediyo abokin tafiya ne amma ba a dogara da shi. Tashar FM ba ta da dogon zango, kana fita daga gari da 'yan kilomitoci za ta fara shaƙewa. Amfaninsa a bakin gari yake. Kafin ka fita Legas, Lagos Traffic Radio a 96.1 za ta gaya maka halin da Berger da Kara suke ciki, wanda zai iya cece ka daga zaman awa biyu. Labaran BBC da DW da RFI kuma yanzu a waya ake samunsu, in akwai sabis.

Abin da ba na sakawa a motar haya

Waƙar siyasa ita ce ta farko. Rarara gwani ne, ba mai musu, amma mota mai mutum 18 ba ta taɓa zama jam'iyya ɗaya ba, kuma gardamar da aka fara a Shagamu tana iya kaiwa Lakwaja ba ta mutu ba, direba na juyowa yana sa baki. Ballantana a lokacin zaɓe, ka ratsa garin mutane gilashi a sauke waƙar wani ɗan takara na tashi. Mu baƙi ne a hanyar nan, ba mu san wanda ke tsaye a bakin titi ba.

Na biyu, wa'azin raddi, wanda malami ke kiran sunan wani malami. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna iya raba ƙosai a kujera ɗaya daga Legas har Zariya lafiya lau, sai in sifika ta tsokano. Na uku waƙar batsa, ko da ta tsofaffi ce. Na huɗu fim. Ƙaramin allon da ake maƙalawa a gaban direba, wallahi ban ga amfaninsa ba sai ɗauke ido. In fasinja na son kallo, ga wayarsa. Waƙoƙin Gambu na ɓarayi kuma, duk da daɗin Hausarsu, wanda ya saka su da tsakar dare a tsakiyar daji ya nemi fasinjoji su tsine masa, kuma sun yi daidai.

A shingen jami'an tsaro a rage sauti tun daga nesa, da dare a kunna fitilar ciki. Ko ba komai za ka ji abin da aka ce maka tun a karon farko. Fasinja mai abin kunne shi ma ya bar kunne ɗaya a buɗe a wuraren da aka san ba su da kyau. Direba kuwa ba shi ba abin kunne, ko na amsa waya ne.

A motar gida rigimar daban ce. Yaranmu da aka haifa a nan su Asake da Burna Boy da Davido suka sani, wasu Hausar ma sai a hankali. Ni ba na hana su, ina ba su awarsu, in karɓi tawa. Amma in Shata ya zo ina tsayar da shi in tambaye su me ya ce, in fassara musu, su yi dariya. Awa 18 a rufe a wuri ɗaya da 'ya'yanka, ba waya a hannunka, ba ka samun irinta a Legas. Kafin a isa gida sun tsinci kalma goma da za su gaisa da kaka.

Kayan aiki

Kada a dogara da intanet. Akwai wurare da dama a hanyar nan da sabis ke ɗaukewa ɗif, kuma a irin wuraren ne aka fi buƙatar abin ji. A sauke komai tun a gida, ko daga Audiomack da Boomplay, ko a kai wa masu tura waƙa na bakin kasuwa. Lissafin ba wuya: waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya, kenan awa 20 ba ta wuce gigabait ɗaya da ɗan kai ba. Filashi ko memori mai giga 4 ya isa zuwa da dawowa.

Na fi son filashi a kan waya. Waya kira na shigowa, caji na ƙarewa, kuma duk lokacin da ka ɗauke ta don canza waƙa sai ido ya faɗa kan saƙo. Riƙe waya ana tuƙi ma laifi ne da 'yan FRSC ke kamawa a kai. Yawancin rediyon mota, musamman tsofaffi, ba sa karanta filashi sai an tsara shi a FAT32, don haka a gwada shi a motar tun ana gobe tafiya. A gaya wa mai turawa ya raba shi jaka-jaka, ya sa lamba a gaban kowace: 01 asuba, 02 hantsi, 03 bayan azahar, haka har dare. Ya kuma cire waƙoƙin da ke da tallar mai turawa a tsakiya, da waɗanda sautinsu ya fi na sauran ƙara, don kada wata ta fashe maka kunne bayan ka ƙara wa tsohon ɗaukan Narambaɗa murya. Motar da ba ta da wurin filashi, akwai 'yar na'urar da ake sokawa a wurin kunna sigari ta aika waƙar ta FM, ana samunta a duk inda ake sayar da kayan waya. Masu tsohuwar rikoda kuma kada su raina ta: kaset mai minti 90 yana juyawa duk minti 45, agogo ne mai kyau na tuna wa direba tsawon lokacin da ya yi bai motsa ba.

In akwai wanda ke zaune a gaba, shi ne mai rediyo. Aikinsa ne ya canza, ya rage, ya kuma riƙa satar kallon idon direba. Wanda zai yi barci tun daga Mowe ya koma baya.

Yadda nake jera tawa

Wannan na mai tashi daga Legas bayan sallar asuba ne, ta hanyar Akure da Lakwaja. Mai bin Ilori da Jebba da Mokwa, ko mai tasowa daga Gabas ta 9th Mile da Makurɗi da Lafiya, sai ya daidaita da awanninsa, don agogo ake bi.

Daga gida zuwa Ibadan, kilomita 127 na babban titi, karatu ne, da leƙa rediyo don jin labarin gosulo. Titin yana da faɗi, jiki na da ƙarfi, jarabar gudu ta fi yawa a nan, ba na son abin da zai ƙara zuga ni. Daga Ibadan zuwa Ife da Akure, Ɗanƙwairo da Barrister, sai awar yara.

Wajen Owo ake cin abinci, kuma daga nan ne aikin yake. Hanyar ta ƙanƙance, ga kwana-kwana da hawa da gangara har Okene, ga manyan motoci, ga rana ta take, ga ciki ya cika. Nan nake sakin Ɗanmaraya da Sani Sabulu, in sa Ɗan'anace guda ɗaya in na ji shiru ya yi yawa a motar, sautin kuma a ƙasa-ƙasa saboda ina son jin abin da ke tahowa bayan kwana. Waƙar soyayya ko ɗaya ba ta shiga wannan jakar.

Daga Lakwaja, a haye gadar Murtala a Jamata, a nufi Abaji da Gwagwalada, kusan kilomita 200 zuwa Abuja, rana na sanyi. Wannan zangon na Shata ne, dogayen. In da iyali nake, a Abuja ko Suleja nake kwana, ba na ƙarasawa cikin dare, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi.

Washegari saura kilomita 375, Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano. Tafsiri ko labari har Kaduna. Daga Zariya kuma a kula, don zangon ƙarshe yana da nasa haɗarin: gajiyar jiya tana jiki, ɗokin gida yana ja, waya na ta ƙara ana tambayar kun kawo ina. A nan ba na saka komai mai zafi. Wajen Kwanar Ɗangora nake zare filashin in fara laluben tashoshin Kano, Freedom a 99.5 ko duk wadda ta fara kamawa, a ji sanarwar ɗaurin aure da farashin kaya a kasuwa da rigimar 'yan siyasar gari, har a shiga Na'ibawa.